A nuna mana inda wutarmu ke maƙalewa

Jama'a, duk wanda ya ce muku matsalarmu da wutar lantarki ita ce kawai ba ta zuwa, rabin magana ya faɗa muku. Sauran rabin shi ne ba a bari mu ga abin da ke hana ta zuwa. Mutumin Kafin Hausa ya san farashin buhun shinkafa a Haɗeja yau da safe, ya san yadda aka sayar da raguna a Maigatari ranar Alhamis, ya san maki nawa Arsenal ke da shi a tebur. Amma ka tambaye shi megawat nawa aka turo wa Jigawa jiya, ko wane layi ne ya cika har aka sauke mu, sai ya ce maka "NEPA ce ta ɗauke." NEPA ɗin da aka sauya wa suna tun 2005, aka sayar da 'ya'yanta a 2013! Ba laifinsa ba ne, abin da aka bar masa ya sani ke nan.

Abin da nake nema a wannan rubutu guda ɗaya ne. A fito da taswirar babban layin wuta na ƙasa a fili, mai motsi, wadda kowa zai buɗe a wayarsa ya ga wuta nawa ke bi ta kowane layi a wannan sa'a, wane layi ne ya kusa cika, wanne ne ya faɗi, kuma nawa ta iso Kumbotso, nawa ta iso Dutse, nawa ta iso Haɗeja. Wanda ake kai wa takardar biyan kuɗi duk wata, hakkinsa ne ya ga wannan. Ba alfarma muke roƙo ba.

Bari mu fara bin sawun wutar tukuna, don a gane abin da nake nufi. Mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin gas take fitowa, kuma kusan dukkansu a Kudu suke: Egbin a Legas, Ughelli da Sapele a Delta, Afam a Ribas, Odukpani a Kuros Riba. Sai madatsun ruwa na yankin Neja, wato Kainji da aka buɗe a 1968, da Jebba, da Shiroro na 1990, da Zungeru mai megawat 700 da ya shigo kwanan baya. Daga can manyan layukan kilobolt 330 ke ɗauko ta zuwa Mando a Kaduna. Daga Mando zuwa Kumbotso a Kano, tafiyar fiye da kilomita 200, shekara da shekaru layi ɗaya tal muke rataye a jikinsa. A Kumbotso ake sauke ta zuwa 132, ta kamo hanyar Wudil da Dutse da Haɗeja. A nan aikin TCN ke ƙarewa, KEDCO ta karɓa a kan 33, ta rarraba har zuwa tiransifomar bakin layinku. Ku lissafa da kyau, mu ne wutsiyar wutsiya. Duk tarin da aka yi a sama, a ƙirjinmu yake sauka.

To mene ne cunkoso a layin wuta? Waya ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Idan aka matsa mata lodi sai ta yi zafi, ta saki jiki ta sauko ƙasa, kafin ta ƙone sai na'urar kariya ta katse ta. Tiransifoma ma haka. Shi ya sa za a iya samun wuta jibge a Kudu, injina na jira, amma a ce musu su rage, saboda hanyar da za ta bi ta zo mana ta cika. Kamar gadar Wudil ce ranar Juma'a, kaya na nan, mota na nan, mai saye na jira, amma wuyan hanya ɗaya ne. Ƙari a kan haka, idan layi ya yi tsawo kuma an lafta masa lodi, ƙarfin wutar kan ragu kafin ta iso ƙarshe. Wannan wutar da ke zuwa mana ja-ja, fanka na juyawa kamar mai jin barci, injin markaɗe na gurnani ya kasa tashi, sau da yawa labarinta ke nan.

Akwai wani hali na wuta da mu mutanen ƙasar Haɗeja ya kamata mu fi kowa ganewa. Wuta ba ta jin umarni, halin ruwa gare ta. Ba a ce mata bi nan, kar ki bi can. Duk hanyar da ta fi sauƙi nan take kwarara. Mun ga yadda kacalla ke toshe hanyar ruwa a kogin Haɗeja, ruwan ya juya ya afka wa gonakin da ba su ji ba su gani ba, wasu na kukan ambaliya, wasu a gaba na kukan fari. Haka layin wuta yake. In ɗaya ya faɗi, lodinsa ba ɓacewa yake ba, kan maƙwabcinsa yake komawa nan take. In maƙwabcin ba shi da sauran wuri, shi ma ya bi sahu.

Kar ku ɗauka labarin littafi nake ba ku, mun gani da idonmu a watan Oktoba na 2024. Ɓarayi da 'yan bindiga sun lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, TCN ta ce rashin tsaro ya hana injiniyoyinta shiga su gyara. Sai nauyin Arewa ya koma kan hanyar da ta rage, wadda ta taso daga Ugwuaji a Inugu, ta bi Apir a Makurɗi, ta haura Jos. Da asubahin Litinin 21 ga Oktoba, bisa bayanin TCN da kanta, ɗaya daga cikin layuka biyun wannan hanya ya faɗi da ƙarfe 4:53, megawat 243 da yake ɗauke da su suka koma kan ɗan uwansa. Da ƙarfe 4:58 shi ma ya faɗi, aka rasa megawat 468 gaba ɗaya. Minti biyar kacal. Daga nan mafi yawan jihohin Arewa suka shiga duhu, sai 30 ga wata aka fara maido da layin.

Ku tuna yadda kwanakin nan suka kasance. Masu ƙanƙara sun rufe, masu walda sun zauna, injinan casar shinkafa sun koma kan dizal ko sun yi shiru, ruwan famfo ya ɗauke a garuruwa, asibitoci na ƙona mai don kar allurai su lalace. Yanzu ga tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa. Tun kafin ranar Litinin ɗin, waɗanda ke kula da layin sun san cewa Arewa gaba ɗaya a kan igiya ɗaya take lilo. Mu fa, wa ya gaya mana? Da akwai taswira a fili, da duk mai waya ya ga layin Shiroro a mace, ya ga na Makurɗi ya yi jawur da lodi. Da 'yan jarida sun yi ta kururuwa, da sanatoci da gwamnoni sun ji matsi tun kafin a faɗa rami, da mai sana'a ya san ba lokacin cika firji da kifi ba ne. Sai bayan da aka yi ɓarna aka fara ganin taron gaggawa da sanarwa. Ihu bayan hari.

Rashin gani ba ƙaramin abu ba ne, ko a ƙasashen da suka fi mu. Ranar 14 ga Agusta 2003, mutum kusan miliyan 50 suka rasa wuta a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada. Da aka yi bincike, sai aka gano cewa a wani ɗakin kula da layuka a jihar Ohayo na'urar ƙararrawa ce ta daskare, layuka suka yi zafi suka sauko suka taɓa bishiyoyi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na zaune gaban kwamfuta ba su san abin da ke faruwa ba. Idan makanta ta 'yan sa'o'i ta yi wa Amurka haka, me kuke zato za ta yi wa ƙasar da babban layinta ya durƙushe fiye da sau 10 a 2024 kaɗai?

Mu namu ɗakin kula da layin ƙasa yana Osogbo, a jihar Osun. Akwai tsarin na'urori da ake kira SCADA, aikinsa ya riƙa aiko da ma'aunin kowace tasha da kowane layi zuwa wannan ɗaki daƙiƙa bayan daƙiƙa. Su kansu hukumomin wutar sun sha faɗa cewa namu bai game dukkan tashoshi ba, wasu wuraren sai an buga waya an tambaya. A 2018 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 486 don gyaran layukan dakon wuta, har da wannan tsari a ciki. A 2019 aka sa hannu da kamfanin Siemens na Jamus, aka yi mana alkawarin megawat 7,000 a 2021, 11,000 a 2023, 25,000 a 2025. Mafi yawan da layin ya taɓa ɗauka zuwa farkon Maris 2025 shi ne megawat 5,801, har aka yi ta shelarsa kamar an ci kofi, alhali injinan da aka girka a ƙasar sun kai na megawat 13,000. Bashin nan da sunanmu aka ci, mu da jikokinmu za mu biya. To idon da aka saya da kuɗinmu, don me za a ce mu ba za mu leƙa ta cikinsa ba?

Kun san wa ke cin ribar wannan duhun bayani? Duk mai hannu a harkar. Ka je wurin kamfanin rarrabawa, ya ce abin da aka ba shi ke nan daga sama. TCN ta ce ita ta kawo, kamfanonin rarrabawa ne ke ƙin karɓar lodi. Kamfanonin su ce a'a, ana jibge musu ita ne inda ba su nema ba. Masu samarwa su ce ba gas, kuma suna bin bashin tiriliyoyin naira. Wannan jifan juna shekaru ake yinsa a jaridu, kowa na da gaskiya a bakinsa, don babu ma'aunin da talaka zai duba ya ce kai ne ka yi ƙarya. An mai da mu alƙalin da aka hana ganin shaida. Inda babu awo kuwa, jita-jita ce ke mulki. Yau a ce wutarmu aka sayar wa Nijar, gobe a ce 'yan Kudu ne suka riƙe, jibi a ce don ba mu zaɓi wane ba. Wata na iya zama gaskiya, wata ƙarya ce tsagwaronta, amma ta yaya za a tantance?

Ga wani lissafi da ya kamata a riƙa karantawa a kowane masallaci bayan sanarwar ɗaurin aure. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kason KEDCO kashi 8 ne cikin 100 na wutar ƙasa, na jihohi uku, Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanoni biyu na Legas, Ikeja da Eko, kashi 26 suke ɗauka a haɗe. Ranar da ƙasa ta raba megawat 4,000, namu 320 ke nan. A ƙidayar 2006 ma jihohin nan uku sun kusa mutum miliyan 20. Raba ka gani, wat 16 kowane mutum, ƙwan fitila ɗaya, kuma da ƙidayar da ta tsufa. Wannan fa kafin masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa su ɗebi nasu, kafin birnin Kano ya ɗebi nasa. Nawa ke ragowa ya gangaro Jigawa? Nawa ke isowa Kafin Hausa da Bulangu da Sarawa? Wannan lambar ita nake so in gani a rubuce kullum, don sai da ita za mu san ko faɗanmu da Abuja ne, ko da Kano, ko da Dutse.

Wani zai ce ai ana bugawa. Eh, a yi adalci, masu kula da layin suna fitar da adadin abin da kowace tasha ta samar da abin da aka ba kowane kamfani, NERC ma tana fitar da rahoto duk wata uku. Amma jimla ce a dunƙule, da Turancin injiniyoyi, ba ta gaya maka wane layi ne ya shaƙe, ba ta sauko matakin garinka ba. Kuma ku duba wannan. A Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana, NERC ta wajabta wa kamfanoni su riƙa bayyana awannin da waɗannan layuka suka samu, in sun gaza a sauke layin daga rukunin. Ashe dai ana iya aunawa! Ashe ana iya faɗa! Sai dai mai awa 20 ne ya cancanci bayani, mai awa 4 da ke rukunin ƙarshe ko lissafin awa huɗun nasa ba a ga ya isa a ba shi ba. Haba jama'a.

Abin da nake nema ba sabo ba ne a duniya. A Turai tun 2015 akwai dandalin da kowa zai shiga ya ga wutar da ke ƙetarawa daga wannan ƙasa zuwa waccan sa'a bayan sa'a. A Amurka masu kula da layukan Texas da na tsakiyar ƙasar suna fitar da taswira mai launi da ke sabuntawa duk 'yan mintuna, inda aka samu cunkoso sai farashin wurin ya tashi, launinsa ya sauya, kowa ya gani. Jamus ta san dalla-dalla cewa wutar iskarta a arewa take, manyan masana'antunta a kudu, kuma layukan tsakiya sun yi kaɗan, har kuɗin da cunkoson ke ci mata duk shekara tana bugawa, shi ya sa muhawararsu a kan gina sabon layi da lambobi ake yinta. Indiya ta fito da manhajar Vidyut Pravah a 2016. Afirka ta Kudu da ta sha fama da ɗauke wuta, aƙalla jadawali take bayarwa, mai shago ya san ƙarfe nawa za a ɗauke, ƙarfe nawa za a kawo. Mu ko darajar jadawalin ba mu samu ba.

Na san abin da za a ce, don haka bari in amsa tun yanzu. Za a ce tsaro, wai in aka nuna taswira ɓarayi za su san inda za su kai hari. Malam, turken da ya fi bishiyar kuka tsawo, yana tsaye a daji kowa na gani, shi ne sirri? Waɗanda suka kayar da na Shiroro da taswirar intanet suka yi aiki? Ɓarawo ya riga ya sani, mai biyan kuɗi ne kawai bai sani ba. In ma akwai abin da ya zama dole a sakaya, a sakaya shi, a jinkirta wasu bayanan da awa ɗaya, amma kar a fake da tsaro a rufe komai.

Za a ce taswira ba ta kawo wuta. Gaskiya ne, ma'aunin zafi ma ba ya warkar da zazzaɓi, amma ba likitan da ke aiki ba shi. Taswira ce za ta nuna ko kuɗin gaba layi na biyu zuwa Kano ya kamata a sa wa, ko ƙarin tiransifoma a Haɗeja, ko tashar sola a nan kusa da mu da za ta rage wa dogon layin nauyi da rana. In ba ta, sai a ci gaba da abin da aka saba, ɗan siyasa ya sauke tiransifoma a unguwa ana kiɗa ana guɗa, alhali layin da zai ba ta wuta a shaƙe yake tun daga Mando. An ba ka tulu, rijiya ba ruwa.

Za a ce talaka ba zai gane ba. Wannan kam raini ne. Manomin da ke lissafin ranar sakin ruwan Tiga, ɗan kasuwar da ke bin canjin sefa da naira a ka, shi ne zai kasa gane kore da ja? Kore, hanya a buɗe. Ruwan ɗorawa, ta kusa cika. Ja, an shaƙe. Shi ke nan fa.

Kuma in faɗa mana gaskiya, taswirar nan ba su kaɗai za ta tona ba, har da mu. Za ta nuna unguwar da ke shan wuta ba ta biya, da inda ake zagaye mita, da inda ake kwance waya da tsiyaye man tiransifoma da dare alhali maƙwabta sun san mai yi. Kamfani ba zai so tura wuta inda ba ya samun kuɗinsa ba, wannan ma wani cunkoson ne, na aljihu. To a buga duka. A rubuta abin da aka turo wa layinmu, a rubuta abin da muka biya, gefe da gefe. Mai gaskiya ba ya tsoron mudu.

Ga abin da ya kamata mu nema, da sunan wanda za mu nema a wurinsa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta sa an cire aikin kula da zirga-zirgar wuta daga hannun TCN an ba sabuwar hukuma mai zaman kanta, NISO. To ta nuna mana zaman kan nata, ta fito da lodin manyan layuka da manyan tashoshi a fili, sa'a bayan sa'a. KEDCO ta riƙa buga awannin kowane layin 33 da na 11 a Jigawa kullum, ba na Band A kaɗai ba, tare da dalilin kowace ɗaukewa, ko daga sama ne, ko gyara ne, ko rabo ne. NERC ta mai da wannan wajibi, da tara ga wanda ya ƙi. Rediyo Jigawa da Freedom ta Dutse su riƙa karanta lambobin da Hausa bayan labarai, yadda ake karanta farashin kasuwa.

Gwamnatin jiha kuma ba ta da uzuri. Gyaran tsarin mulki da dokar 2023 sun ba jihohi ikon shiga harkar wuta da ƙafarsu. Mai girma Gwamna Malam Umar Namadi ɗan garin nan ne, ba sai an ba shi labarin duhun Kafin Hausa ba. Ga Jami'ar Sule Lamiɗo a ƙofar gidanmu, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, cike da yara masu ilimin kwamfuta da lissafi. A ba su ƙananan na'urorin auna wuta su dasa a shaguna da makarantu da asibitocin ƙananan hukumomi 27, su haɗa mana taswirarmu ta Jigawa, ta nuna ina da wuta yanzu, da ƙarfi nawa, tun yaushe. Kuɗin wannan bai kai na motar babban jami'i ɗaya ba. Ranar da gwamna zai zauna da TCN ko KEDCO, ya shiga da lambobinsa a hannu, ba da koke ba.

Ku kuma 'yan uwa da ke karanta wannan, zaɓe na tafe, za su zo da tiransifoma a bayan mota. Ku karɓa, amma ku tambaye su megawat nawa Jigawa ta samu a watan jiya, kuma a wane layi sauran suka maƙale. Wanda ya kasa amsawa, ku ce ya je ya tambayo, ya dawo ya karanta mana a bainar jama'a. Wanda ke aiki a harkar wuta kuma yana ganin lambobin nan kullum, ga fili nan a ƙasa, ya zo ya gaya mana me ke hana a buga su. Allah Ya kawo mana haske, Ya ba shugabanninmu ikon faɗa mana gaskiya.